Wanda Ya Ɗauke Faifan Malam

Da hantsin ranar Alhamis aka gano an yi sata a gidan marigayi Malam Abdullahi da ke Yola ta Ƙaraye, kuma kafin rana ta ɗaga sosai ƙofar gidan ta cika. Abin da aka ɗauke bai fi tafin hannu ba. Yawancin masu tsaye a wurin ba su taɓa ganin irinsa ba, wasu ko sunansa ba su sani ba, amma hakan bai hana kowa sanin wanda ya sace shi ba. Mutanenmu ba su cika jiran shaida ba in dai akwai baƙo a kusa.

Baƙon kuwa Yusha'u ne, mai gyaran kwamfuta daga Rogo. Yana tsaye jikin babur ɗinsa ya yi tsuru-tsuru.

Ga yadda abin ya faro. Bahijja, autar Malam, malamar makarantar 'yan mata ce, tana da wata tsohuwar laftof da ta gaji da duniya. In ta kunna ta, sai ta ɗora ruwan shayi ya tafasa, ta dawo ta tarar da ita tana nan tana tunani. Aka ba ta shawara ta kira Yusha'u. Ya zo ranar Laraba, ya zauna a zauren gidan mahaifinta tunda a nan ake da sola, yayanta Abdulmutalib yana gefe yana kallo. Ya kwance bayan kwamfutar, ya zare tsohon faifan ajiya mai juyi da ƙara, ya saka sabo irin wanda ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Da aka kunna, kwamfutar ta tashi kafin Bahijja ta gama gyara mayafinta. Kowa ya ji daɗi.

Aiki ɗaya ya rage, wato a kwashe abin da ke tsohon faifan a zuba a sabon. Yusha'u ya laluba jakarsa, ya ga ya baro ɗan akwatin da ake jona tsohon faifai da shi a shago. Ya ce zai dawo da safe. Aka ajiye faifan a kan kantar littattafai, a ɗakin karatun Malam da ke jikin zaure. Da safen ya dawo da akwatin, aka shiga ɗaki, babu faifai.

A cikin faifan nan muryar Malam take. A shekarunsa na ƙarshe, duk azumi Bahijja kan ajiye wayarta kusa da shi yana karantar da mutane a zaure, daga baya ta juye a kwamfuta. Wayar ta daɗe da faɗawa rijiya. Malam ya rasu bara, kuma babu wani wuri a duniya da muryarsa ta rage sai cikin ɗan ƙarfen nan.

Abdulmutalib magatakardan dagaci ne, ya saba da a yanke magana da wuri. Ya ce a kai Yusha'u wurin 'yan sanda. Bahijja, idanunta jawur, ta ce a'a.

"Yaya, ni ba ɗaure mutum nake so ba, muryar Baba nake so. A aika garin Zoza a kira Baba Ƙasimu mai bin sawu." Ta rage murya. "Kuma don Allah kada Gwaggo ta ji. Ka san hawan jininta. In ta ji an sace abin Baba, asibiti za mu kwana."

Gwaggo Turai ƙanwar Malam ce, ita ce babba a cikin gidan yanzu. Aka aika mata cewa taron da ke ƙofar gida maganar iyakar gona ce. Ta ce Allah ya daidaita, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta iri.

* * *

Ƙasimu mai bin sawu ya iso gab da azahar a bayan ɗan acaɓa. Dogo ne siriri, ya ba sittin baya, da goro a kumatu da tabarau mai hannu ɗaya da ya ɗaure da zare. Ya bi sawun shanu har ƙasar Katsina ya dawo da su, ya taɓa bin sawun injin niƙa da aka ɗauke a amalanke. Mutum ne da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafin rayuwa ba. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka, ya sake yi wa iyalan ta'aziyyar Malam kamar jiya aka yi rasuwar. Abdulmutalib kamar ya fashe.

"To, Magatakarda," in ji Ƙasimu, "ita dabbar tamu, ƙafa nawa gare ta?"

"Baba Ƙasimu, ba wasa ake ba."

"Na sani, ɗana. Abin da ban taɓa gani ba za ku sa ni nema, ai sai a siffanta mini."

Bahijja ta siffanta masa: ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, fari a sama, kore a ƙasa, da ɗan nauyi. Ta ce muryar mahaifinta ce a ciki. Ƙasimu ya jinjina kai. Ya leƙa yashin zaure, ya ga rabin unguwa ta riga ta tattake shi, ya yi murmushi ya fita waje.

An yi ruwa ranar Laraba da magariba, ƙasa ta yi laushi. Ya zagaya ƙofar gidan hannu a baya, ya tsuguna nan, ya tsuguna can, sannan ya yafito Yusha'u suka koma gindin wata dalbejiya su biyu.

"Samari, tayar babur ɗinka ta zo gidan nan sau biyu jiya."

Yusha'u ya gyaɗa kai. "Haka ne, Baba. Na kai bakin titi na tuna na bar sukundirebana a zaure, na dawo na ɗauka. Wallahi ban leƙa ɗakin ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kai ma ka ga yadda suke kallona."

"Na gani. Shi abin, in an kai shi kasuwa, ana rububinsa?"

"Wa zai saya? Faifai ne da ya kusa mutuwa, har ƙara yake yi. In sata zan yi ai sabon zan ɗauke." Ya sunkuyar da kai. "Amma akwai inda na yi kuskure. A aikinmu, kwafewa ake fara yi kafin a kwance komai. Ɗokin in nuna musu saurin sabon ne ya ɗebe ni. In muryar nan ta salwanta, ko ba ni na ɗauka ba, da hannuna a ciki."

Ƙasimu ya dube shi ta saman tabarau. Ya koma zaure ya tambayi Bahijja yaushe ta ga faifan na ƙarshe. Ta ce bayan ruwa ya ɗauke, da ta shiga rufe tagar ɗakin kafin ta tafi gidanta, yana nan a kan kanta.

"To samarin nan dai ba shi ba ne," in ji Ƙasimu. "Sawun tayarsa na jiya duka biyun ruwa ya dake su. Ya bar garin nan kafin ruwa, ke kuma kin ga abin bayan ruwa."

Masu tsaye a ƙofa ba su so haka ba. Sun riga sun gama shari'a, ga shi an ce su sake.

* * *

Akwai wani sawun a kan na ruwa, sabo, na kura mai taya biyu, ɗaya tayar tana ɗan karkata. Ƙasimu ya nuna wa Abdulmutalib.

"Sanusi mai gwangwan," in ji Abdulmutalib nan take. Sai kuma ya sosa ƙeya. "Jiya da ana aikin ya wuce, na ce masa ya biyo yau, in an gama akwai ɗan ƙarfen da zan ba shi."

"A ina ka faɗa?"

"A nan zaure. Da ƙarfi ma, don yana waje."

Taron ya samu sabon ɓarawo, hankali ya kwanta. Ƙasimu ya bi sawun kurar, Abdulmutalib da Yusha'u na biye da shi. Ta ratsa lungu, ta tsaya a ƙofar wani gida, ta zagaya bayan masallaci, ta sake tsayawa, ta nufi hanyar Rogo. Can suka tarar da Sanusi a inuwar wata ɗorawa yana shan fura, kurarsa cike da tarkace.

Da ya ji abin da ke tafe da su bai yi fushi ba, sana'arsa ta saba masa da zargi. Ya zazzage buhunansa a ƙasa da kansa. Tsoffin tukwane, kan fitila, sarƙar keke, murfin fanka, wani rabin garma. Yusha'u ya tsuguna ya bi su ɗaya-ɗaya, ya tashi yana girgiza kai.

"Na je gidan da sassafe, ba zan ɓoye ba," in ji Sanusi. "Na yi sallama, Gwaggo ta leƙo ta wanke ni tas. Ta ce in kama gabana, gidan malamai ba bola ba ne. Ban san laifin da na yi mata ba. Kullum muna gaisawa lafiya."

"Tsufa ne," in ji Abdulmutalib.

Ƙasimu ma haka ya ɗauka a lokacin. Ya karɓi ludayin furar da Sanusi ya miƙa masa, ya yaba ta, ya ce masa ya tattara kayansa ya same su a gidan Malam bayan la'asar. A hanyar dawowa ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa, shi kuwa ya ɓata lokaci a kan sawun banza. In aka sake ruwa, duk abin da ƙasa ta riƙe masa ya tafi.

* * *

Sai yanzu ya shiga ɗakin karatun, abin da ya kamata ya fara da shi. Ya cire takalmi, ya ce kowa ya tsaya a waje ban da Bahijja. Ɗaki ne ƙarami mai ƙofa biyu, ɗaya ta zaure, ɗaya ta cikin gida. Buzun Malam yana shimfiɗe inda ya bar shi, ga gafakarsa a rataye, ga littattafai a jere. Ƙasimu ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ja numfashi, ya sake ja.

"Malama, kuna sa turare a ɗakin nan?"

"A'a. Shara kawai nake yi. Tun rasuwar Baba ba a sa ba."

Ya matsa kusa da kantar. A inda faifan ya kwana akwai ɗigon mai, ƙarami, bai gama bushewa ba. Ya dangwala da yatsa ya kai hanci. Almiski ne, mai kyau, irin tsarabar Makka. A jikin wata ƙusa da ta ɗan fito a bakin katakon kuma ga zare fari ya maƙale, na sabon ƙyalle.

Ƙasimu ya daɗe yana kallon yatsansa. A duk shekarunsa na bin ɓarayi bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya shafa wa kayan sata turare, ya naɗe shi a farin ƙyalle ba.

"'Yata, kin ce muryar Malam ce a ciki. Hira yake yi ko me?"

"Tafsiri ne. Karatun Alƙur'ani da fassara, na azumi."

"Na yi sakaci da ban tambaya tun farko ba. Wa kika gaya wa haka jiya?"

Bahijja ta yi ɗan tunani. "Gwaggo ce kawai. Ta kawo mana kunu ana aikin, ta ga faifan a tabarma ta ce mene ne. Na ce mata karatun Baba ne duka a ciki, amma ya tsufa, an sa sabo."

"Kin ce mata ba a kwashe ba tukuna?"

"Ban... A'a. Ban ga dalili ba."

Ƙasimu ya nemi izini ya bi ta ƙofar cikin gida, ya ratsa ta bayan rumbu zuwa ƙofar baya. A nan ƙasa ba ta sha tattaki ba. Ga sawun silifas ƙanana, taku gajere, kusa da kowane takun dama ga ɗan rami na sanda. Sun fita, sun dawo. A jingine da rumbu akwai 'yar fartanya da ɗanyar ƙasa a bakinta.

Ya bi sawun ya fita bayan gari, ya bi ta gefen gonakin gyaɗa. A bakin gonar gidan sawun ya ƙare, domin wani mai garmar shanu ya yi huɗa a wurin da hantsi, ya kife komai. Gaba kuwa gona ce shimfiɗe har kwari, da itatuwa birjik. Ba zai iya tone su duka kafin ruwa ba. Ya tofar da goronsa, ya juyo yana dariya shi kaɗai.

* * *

Bayan la'asar aka taru a zaure. Abdulmutalib, Bahijja daga bakin ƙofar ciki, Yusha'u da jakarsa a cinya, Sanusi a rakuɓe. 'Yan kallo suka cika waje, kowa na jiran a nuna masa wanda zai tsana. Iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa.

"A kira mini Gwaggo," in ji Ƙasimu.

Abdulmutalib ya ɗago da sauri. "Mun ce ba za ta ji ba."

"Ba abin da zan gaya mata. Tambaya zan yi, irin ta mai neman sani. Ka bar ni da ita."

Gwaggo Turai ta shigo tana dogara sandarta, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Aka shimfiɗa mata darduma. Ƙasimu ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jika da tattaɓa-kunne, ita ma ta tambayi mutanen Zoza gida-gida. Can nesa aka yi tsawa. Yusha'u ya dubi Bahijja, Bahijja ta dubi ƙasa.

"Gwaggo, wata matsala ce ta kawo ni," in ji Ƙasimu. "A masallacinmu akwai tsoffin takardun Alƙur'ani, sun yage, ba sa karantuwa. Yara na cewa a ƙona, wasu na cewa a zuba a rijiya. Na ce bari in tambayi gidan malamai. Ku ya kuke yi da su?"

Gwaggo ta gyara zama. An taɓo inda take so.

"Mu dai a gidan nan ba ma ƙonawa. Tun zamanin mahaifinmu, alwala za ka yi, ka shafa musu turare, ka naɗe a farin ƙyalle, ka kai inda ƙafa ba ta takawa ka binne. Haka Yaya Malam ya yi har ya koma ga Allah. Amma 'ya'yan yanzu ina suka san wannan?" Ta juya ta nuna Abdulmutalib da sanda. "Ga shi nan. Muɗallabi, da kunnena na ji ka jiya. Abu ɗauke da karatun ubanka, ayoyin Allah a ciki, don ya tsufa sai ka ce a ba mai gwangwan? A haɗa shi da tsoffin tukwane da sarƙar keke? Ban ce maka komai ba don akwai baƙo. Da na idar da sallar asuba na yi abin da ya kamata."

Sanusi ne ya fara sakin ajiyar zuciya.

"Gwaggo," in ji Abdulmutalib a hankali, "ke kika ɗauka?"

"Ɗauka kamar yaya? Suturta shi na yi." Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi cincirindon da ke waje. "Wai wannan ce maganar iyakar gonar? Tun safe abin da kuke nema ke nan, ina zaune a tsakar gida, ba wanda ya tambaye ni?"

'Yan kallo suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, tunda ba a tsanar Gwaggo Turai a unguwar nan.

"Ki nuna mana wurin, Gwaggo, mu ɗauko," in ji Abdulmutalib.

"Ba za a tone ba. Abin da aka suturta an suturta. Ba ga sabo can an sa muku ba?"

Bahijja ta taso ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannunta.

"Gwaggo, sabon babu komai a cikinsa. Ba a kwashe ba tukuna, yau za a kwashe. Takardar da ta yage akwai dubunta a gari, wannan kuwa shi kaɗai ne. Muryar Baba tana can cikin ƙasa, kuma in ruwan nan ya same ta, ba za mu ƙara jin ta ba har abada."

Tsohuwar ta dube ta. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fito da yayanta daga ɗakin can.

"A kwari na sa shi," ta ce. "Gindin tsamiya, inda ruwa ke kwanciya." Ta yunƙura. "Ku miƙo mini sandata. Muɗallabi, ɗauko fartanya, kana tsaye kana kallona."

* * *

Ba a taɓa ganin Gwaggo Turai ta yi tafiya irin ta ranar ba. Yusha'u ya ce ta hau babur, ta ce ba ta hau da ƙuruciya ba balle yanzu. Ita ce a gaba, mai bin sawu a bayanta yana bin ta kamar kowa. Sama ta yi baƙi ƙirin, ganyen gyaɗa na kwantawa.

A gindin tsamiyar akwai ƙaya da ta tara don kada awaki su taka. Abdulmutalib ya janye ƙayar ya fara tono.

"A hankali," in ji Yusha'u. "Kada bakin fartanya ya same shi."

"Ba zai same shi ba," in ji Gwaggo. "Kana tsammanin a ƙasa tsirara zan sa shi?"

Fartanya ta daki wani abu ya yi ƙara. 'Yar langa ce mai murfi, cikin kwanukan aurenta, ta ɗaure ta da tsumma. Aka buɗe. Ga farin ƙyalle, ƙanshin almiski ya tashi, ga faifan a ciki a bushe. Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin langar. Yusha'u ya cusa faifan cikin rigarsa ya runtuma gida da gudu, sauran suka taho da Gwaggo a tsakiya, Bahijja ta lulluɓe ta da mayafinta. Kafin su kai ƙofar baya sun jiƙe sharkaf. Da Ƙasimu ya waiwaya, ruwa ya riga ya fara taruwa a kwarin.

* * *

A zaure Yusha'u ya goge man turaren da auduga, yana yi yana cije leɓe, domin Gwaggo ba ta yi rowa ba wajen shafawa. Ya saka faifan a ɗan akwatinsa ya jona da kwamfutar. Ruwa na dukan kwanon rufi. Faifan ya yi 'yar ƙara, ya yi shiru, ya sake yi. Bahijja ta rufe idonta. Can sai ya kama juyi sosai, sunayen abubuwan da ke ciki suka jeru a fuskar kwamfutar.

"Yana nan," in ji Yusha'u. "Duka yana nan."

Bahijja ta miƙa hannu za ta kunna, ya tare. "Malama, ki yi haƙuri. A wannan karon sai na kwashe tukuna, kuma wuri biyu zan sa."

Aka zauna jira. Aka kawo kunu mai zafi. Abdulmutalib ya yi ta juya kofinsa, daga ƙarshe ya dubi Yusha'u da Sanusi ya ce su yafe masa, ya yi gaggawa. Sanusi ya ce ba komai, amma a gaya wa Gwaggo ta dawo da gaisuwarsu. Gwaggo ta ce ta dawo da ita, da sharaɗin in an gama kwashewa a ba ta faifan ta mayar inda ta ɗauko shi, don har yanzu ayoyi ne a ciki. Yusha'u ya ce wannan kam ba mai hana ta. Ƙasimu yana jingine da bango da sabon goro a baki, yana jin daɗin duniyarsa, an ga abin da ya ɓata kuma ba a ɗaure kowa ba.

Da aikin ya kammala, Yusha'u ya juya kwamfutar wajen Bahijja ya ƙure sauti. Ta taɓa wanda hannunta ya fara kaiwa.

Aka ji motsin tabarma da tarin mutane. Daga nesa ana jin bugun turmi. Sai gyaran murya, sannan muryar da zauren nan ya shekara bai ji ba ta cika shi, a sanyaye, da ɗan murmushi a cikinta.

"Bahijja, ta fara ɗauka? To madalla. Turai, don Allah a dakata da dakan nan, za mu fara."

"To, Yaya, na bari," in ji Gwaggo Turai, har ta dafa ƙasa za ta tashi.

Sai ta tsaya a haka, hannunta a kan darduma. Ta koma ta zauna a hankali. Ba wanda ya yi dariya. Bahijja ta matso ta jingina da kafaɗarta, su biyun hawaye na zuba, ba mai sharewa. Ƙasimu ya cire goron daga bakinsa. Malam Abdullahi ya yi bisimilla, kowa a zauren ya gyara zama.